Daren Kallo A Kurudu

Wanda ya taso daga Nyanya ya miƙi hanyar Karshi, in ya wuce Jikwoyi sai ya iske Kurudu. Asalinsa ƙauyen Gwarawa ne, amma yau ba ƙabilar da ba ta nan, galibi ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga tsakiyar Abuja, da kuma tsofaffin sojoji da ke zaune a rukunin gidajen da aka gina dominsu.

Na sauka da almuru, janaretoci na ta ruri. A wani gidan kallo samari sun cika maƙil suna ihu kan ƙwallon Ingila. Can gaba, a teburin mai shayi, an kunna Arewa24, tashar da aka buɗe a 2014. Nan na zauna kusa da wani dattijo, tsohon soja, wanda ya nuna mini cewa shi har gobe bai ga wasan da ya kai Samanja ba.

Ban ga laifinsa ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, shi ma soja ne, ya kuwa ɗauko Hausar bariki, wadda ake gwamutsawa da Turancin buroka, ya zuba ta cikin akwatin telebijin, har kurtu da matarsa suka ga kansu a ciki. To, amma daga Kaduna wasan ya fito, inda aka fara telebijin tun 1962. A lokacin nan babu ma zancen sabon birni. Sai ran 3 ga Fabrairu, 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa Abuja, shekara guda kafin a haɗe gidajen telebijin na ƙasa ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991. A 1992 aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, AIT ta fara aiki a 1996, daga baya ta kafa gida a kan tudun Kpaduma. A Disamba 2016 Abuja ta shiga tsarin dijital. Hedkwatar NTA kuma tana Garki.

Watau dai kayan aiki bai yi wa birnin nan kaɗan ba. Abin da ya dame ni, mai karatu, shi ne mafi yawan abin da waɗannan gidaje ke yaɗawa labarin minista ne da majalisa. Kano ta yi Kuliya Manta Sabo, Jos ta yi Cock Crow at Dawn. Ina wasan akawun da ke barin Kurudu tun asuba, ya maƙale cikin cunkoson Nyanya, ya dawo bayan lisha 'ya'yansa sun yi barci? Ina na Bagwarin da gonar doyarsa ta zama filoti?

Muna cikin hirar man janareton mai shayi ya ƙare, akwatin ya ɗauke. Dattijon ya biya kuɗin shayinsa da nawa, ya kama hanyar gida.