Ƙari A Jikin Murjani

Kafin zuwanmu ƙasar Ingila, idan aka ce murjani, abin da ke faɗo mana a rai shi ne jan dutsen wuyan nan da Inna take ɓoyewa a ƙasan adudu, ba ta fito da shi sai ranar suna ko biki. Ba mu taɓa zaton dabba ba ne mai ci, mai girma, har ma mai ciwo. Sai a shekarar 2019, da wani maƙwabcinmu zai tashi daga unguwa, ya rasa yadda zai yi da tankinsa na gilashi mai ruwan gishiri, ya bar mana shi da kifaye huɗu da rassan murjani goma sha ɗaya, da wani littafi da yake rubuta awon ruwa a ciki. Muka karɓa don kunya, ba don mun iya ba.

Bari mu ɗan yi wa mai karatu bayani, don kada mu bar shi a baya. Jan murjanin Inna daga Bahar Rum ake samo irinsa, shi kuwa namu ɗan uwansa ne na nesa, wanda ake kira murjani mai dutse, irin da yake gina tsaunukan ƙarƙashin teku a wurare masu ɗumi. Kowane reshe gari ne guda na 'yan mitsi-mitsin halittu, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da bakin, tana zaune a cikin ɗan ramin da ta gina da sinadarin alli. A cikin naman jikinsu akwai ƙwayoyin gansakuka da suke sarrafa haske su ciyar da su, su ne kuma ke ba su yawancin launin ƙasa-ƙasa da ake gani. Saboda haka kiwonsu awo ne ba dare ba rana: zafin ruwa wajen digiri 25, gishiri giram 35 a kowace lita, kalsiyam wajen 420. Da mun yi sakaci na mako biyu, sai mu gani a jikinsu.

To, ana nan, ran nan da safe sai ɗiyarmu ta kira mu, ta ce, "Baba, Umma, ku zo ku ga, wannan ya yi ƙari." Muka leƙa. A kan wani reshe na irin da ake kira Pocillopora, sai ga wani dunƙule kamar ƙwallon goruba ƙarami, rassa biyu sun faɗaɗa sun rungumi juna. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu, amma kowa ya san abin da ɗan uwansa yake tunani. Inna, mahaifiyar ɗayanmu ce amma uwa ce ga dukkanmu, da ɗan ƙululu a ƙirji ta fara. Aka ce maruru ne, aka ce iska ce, aka yi ta shafe-shafe wata da watanni, lokacin da aka kai ta asibiti sankara ta riga ta yi nisa. Tun daga rasuwarta, duk wani kumburi a gidanmu ba ya kwana.

Wannan ma bai kwana ba. Muka ɗauko filaya muka datse shi. Da muka fasa dunƙulen a kan faranti, sai ga wata 'yar ƙaguwa mai taushin jiki, ba ta kai ƙwayar wake ba, tana motsi da ƙyar. Ashe ɗaki ne. Daga baya muka karanta cewa macen wannan ƙaguwa tana zama a tsakanin rassa tun tana ƙarama, murjanin ya yi ta girma yana kewaye ta har ya rufe, sai 'yan ƙofofi da ruwa ke shiga, nan take ƙare rayuwarta, kuma ɓarnar da take yi wa murjanin ba ta taka kara ta karya ba. Da mun ɗauki tocila mun duba, da mun ga ƙofofin a jere a bakin haɗin. Ɗiyarmu ta yi kwana biyu ba ta kula mu ba, kuma gaskiyarta.

Wannan abin kunya shi ya tura mu karatu. Muka tarar ashe masana ma sun sha fama da gaggawar raɗa suna. A 1965 wani masani, Donald Squires, ya ba da labarin wani baƙon tsiro a jikin murjanin da aka samo a tekun Hawai, kuma da alamar tambaya ya rufe kan maƙalarsa. A 1986 Esther Peters da abokan aikinta suka duba irin wannan tsiro a jikin Acropora da madubin likita, suka kira shi ƙari na sosai. Amma a 2006 Thierry Work da Greta Aeby suka ba da shawarar a daina saurin kiran sunan cuta daga kallon ido, a fara da faɗin abin da aka gani: nama ne ya zube, ko launi ne ya sauya, ko girma ne ya karkace? A ina yake, yaya girmansa, yaya gefensa? Har yau yawancin masana "girman da ya saɓa" suke cewa, domin ba a tsayar da musabbabinsa ba, kuma ba a nuna yana yaɗuwa cikin jiki kamar yadda sankarar mutum take yi ba.

Masu kama da ƙari kuwa suna da yawa. Akwai wata 'yar halitta dangin ƙaguwa da take gina tulluwa a jikin murjani, da 'yar tsaga a samanta, in ka yi haƙuri za ka ga tana fiddo wani abu kamar gashin tsuntsu tana kamun abinci. Akwai dodon koɗi mai bututu, mai shimfiɗa zaren yauƙi. A jikin Porites akwai ƙuraje masu ruwan hoda da wata tsutsa take haddasawa, dangin tsutsar da ke kawo tsargiya. Wani lokaci kuma nama ne kawai ya kumbura da ruwa, babu dutse a ƙarƙashinsa.

A 2021 aka sake jarraba mu. Wannan karon a kan Montipora ne, mai shimfiɗuwa bisa dutse kamar ɓawon burodi. Wani ɗan tudu ya taso a tsakiyarsa, fari-fari. Hannunmu har ƙaiƙayi yake yi, amma muka ɓoye filaya. Muka kashe famfon ruwa don ya kwanta, muka duba da gilashin ƙara girma: babu ƙofa, babu tsaga, babu zare. Muka dawo da tsakar dare da tocila, lokacin da 'yan bakunan suke buɗewa, sai muka ga ko'ina sun fito, amma a kan tudun 'yan ƙalilan ne, su ma a warwatse ba bisa tsari ba. Muka taɓa da tsinke a hankali, muka ji tauri, watau ƙashin ne da kansa ya tashi. Daga nan sai muka jingina rula a gilashi muna ɗaukar hoto kowace Juma'a. Cikin mako shida tudun ya fi sauran jikin saurin girma, launinsa bai dawo ba, naman da ke kewaye da shi kuma ya fara dusashewa. Haka littattafai suka siffanta shi: ƙarancin gansakuka, ƙarancin bakuna, ƙashi mai sako-sako, ga shi ba ya ciyar da kansa sai dai ya zuƙi na maƙwabta.

Mako shidan nan sun yi mana tsawo ƙwarai. Sau da yawa ɗayanmu yakan ce, "Haka fa muka zuba wa Inna ido." Ɗayan ya ce, "A'a, Inna ba a auna ba, ba a rubuta ba, ba a kai wa wanda ya sani ba." Maganar takan tsaya nan, don babu mai son ya ƙarasa ta.

A ƙarshe muka fito da dutsen, muka yanke tudun tare da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa, muka tsoma sauran a ruwa mai ɗigon aidin, muka shafe gefen da gam. Guntun da muka cire, da ya bushe, da farce ma marmashewa yake yi. Mun yanke ne muna sane da wani bincike da aka buga a 2013 daga tsibirin Palmira na tekun Fasifik, inda aka cire irin wannan tsiro: a jikin mafi yawan Acropora mai rassa bai dawo ba, a jikin Montipora kuwa ya sake tsirowa.

Namu ya yi wata bakwai lafiya lau, nama ya rufe tabon. Sai wata Juma'a ɗiyarmu, wadda littafin awo ya koma hannunta, ta nuna mana wani ɗan farin ɗigo a gefen tabon, bai fi ƙwayar gero ba. Ta kalle mu, ta ce, "Kada wanda ya taɓa." Ta jingina rula, ta ɗauki hoto, ta rubuta milimita 2 da kwanan wata.