Bayan Ƙyalle: Tattalin Zare a Hannun Wata Mai Ɗinki a Birnin Zariya

Manazarta ɗinkin Hausa sun fi mayar da hankali ga fuskar ƙyalle. Tun daga kundin digiri na uku da David Heathcote ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979 kan ɗinkin tufafin Hausawa, an yi rubuce-rubuce masu yawa game da aska biyu da aska takwas da tambari, da asalin kowane zane, da matsayin wanda ya cancanci sa shi. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai. Sai dai aikin allura fuska biyu gare shi, kuma ta biyun, wadda mai saye ba ya dubawa, a nan ake gane ko mai ɗinki ta ci riba ko ta yi wa wani aikin banza. A bayan ƙyalle ne zare yake tafiya ba tare da ya ƙawata komai ba.

Akwai wata dattijuwa a cikin birnin Zariya, wadda jikokinta da maƙwabta duka suke kira Inna, da ta shafe fiye da rabin rayuwarta tana lissafin wannan ɓoyayyen zare. Da ɗinkin hula ta fara, kamar yawancin matan unguwarsu. Daga baya ta koyi ɗinkin gicciye a wani ajin koyar da mata sana'a, wato irin ɗinkin nan da ake ƙirga gidajen saƙar ƙyalle, a riƙa gitta zare biyu a kowane gida har fure ko tsuntsu ya fito. Ba ɗinkin gargajiyar Hausa ba ne, ta hanyar darussan aikin allura na makarantun 'yan mata ya shigo, amma ya sami wurin zama a rigar filo da zanen gado da mayafin tebur na kayan ɗakin amare. Tun rasuwar maigidanta, da wannan allura take sayen sabulu da omo da magani, da ita kuma take zubin adashi.

Zaren da ta fi yarda da shi na kamfanin DMC ne, wanda asalinsa garin Mulhouse ne a Faransa. Ɗauri ɗaya tsawonsa mita 8 ne, kuma sili 6 ne aka haɗa. Ɗinkin gicciye sili biyu yakan ci, saboda haka ɗauri ɗaya yana ba da mita 24 na zaren aiki. A ƙyallen da yake da gida 14 a kowane inci, faɗin gida ɗaya bai kai milimita 2 ba, kuma gicciye ɗaya, idan an haɗa abin da ya bayyana a fuska da abin da ya bi ta baya, yana cin kusan milimita 9. A kan takarda, ke nan, ɗauri ɗaya zai iya yin gicciye wajen 2,700. Inna ba ta taɓa yin wannan lissafi da alƙalami ba, kuma babu mai ɗinkin da ta taɓa samun wannan adadi a aikace. Tazarar da ke tsakanin lissafin takarda da abin da hannu yake samu ita ce fagen da take fafatawa kullum.

Ta san inda zare yake zurarewa. Akwai jelar da ake bari a farkon ɗinki, akwai wadda ake cusawa ƙarƙashin aikin a ƙarshe, akwai kuma ɗan guntun da yakan rage a kunnen allura, wanda ya yi gajarta ƙwarai har ba ya juyuwa. Jelar farko ta daɗe da kawar da ita. Maimakon ta yanko sili biyu, sai ta yanko ɗaya mai ninkin tsawo, ta ninka shi biyu, ta zura bakunan biyu a allura, sannan a sukar farko ta sarƙafo allurar ta cikin madaukin da ninkin ya bari a baya. Ba ƙulli, ba jela. Tsawon zaren aikinta kuwa ba ya wuce kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Sabuwar mai koyo takan ɗauka dogon zare ne tattali, tunda ba za a yawaita yanka ba, amma zaren da ya ratsa ƙyalle sau ɗari yakan yi gashi, ya dusashe, ya harɗe, a ƙarshe a yanke shi a yar. Idan layi ɗaya launinsa ɗaya ne, takan tafi da rabin gicciye har ƙarshen layin, sannan ta dawo tana rufewa, sai bayan ƙyallen ya fito da gajerun tsaye-tsaye a jere kamar haƙoran mataji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne tsallake. Idan jan fure yana nan, wani jan yana can bayan gida bakwai, ko dai ta ja zaren ta baya ya tsallaka, ko ta yanke ta sake farawa, kuma kowanne yana da asararsa. Ƙa'idarta ita ce tsallaken da ya wuce gida huɗu ko biyar yankewa ya fi, musamman idan zaren mai duhu ne kuma ƙyallen fari, domin inuwarsa takan leƙo ta fuska. Saboda haka kafin ta soki ƙyalle takan daɗe tana kallon zanen, tana tsara hanyar da kowane launi zai bi, kamar mai tsara zagayen gaisuwar Sallah don kada ya bi lungu ɗaya sau biyu. Wata rana jikarta da take koyo a wurinta ta miƙo mata rigar filo tana jiran yabo. Inna ba ta dubi furen ba, sai ta juya bayan.

"'Yar nan, wannan saƙar gizo-gizon fa?"

"Inna, ai ba a gani."

"Mai saye ba ya gani. Ke da kika sayi zaren fa?"

Duk wannan tattalin hannu ne. Tattalin kasuwa ya fi shi wuya, kuma ya ƙara tsanani tun watan Yunin 2023, lokacin da aka saki farashin naira: dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Zaren ɗinki mai kyau daga waje yake zuwa, don haka ya bi dala. Masaƙun Kaduna ma da a da ake tinƙaho da su sun riga sun durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007. Abin da ya cika shaguna shi ne zaren Sin mai araha, wanda da yawansa yake bin lambobin launi irin na DMC, har mai saye ya ɗauka abu ɗaya ne. Wani yana da kyau, wani kuwa sai an wanke ake sanin halinsa.

Inna ta san halinsa ta hanya mai tsada. An ba ta aikin rigunan filo na wata amarya, ta sayi jan zare mai araha a hannun wani mai shago, ta yi makonni tana aiki. A wankin farko jan ya zuba, fararen rigunan suka koma ruwan hoda a gefen kowane fure. Ta sayi sabon ƙyalle da kuɗinta, ta sake aikin daga farko, domin a cikin birni labarin mai ɗinkin da zarenta yake zuba ya fi ita kanta saurin shiga gidaje. Ba ta ɗauki karin maganar nan ta araha ba ta ado a matsayin hukunci na ƙarshe ba, domin da ta yi haka da ta bar sana'ar. Sai ta raba launuka gida biyu. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu, waɗanda su ne suka fi zuba, tana sayen mai tsada. Fari da ruwan madara da sauran masu haske, mai araha ya wadatar. Kowane sabon zare kuma sai ya ci jarrabawa biyu: ta jiƙa guntu a ruwan zafi da sabulu ta matse shi cikin farin tsumma, sannan ta kusanta wani guntun ga wutar ashana. Auduga takan ci wuta ta zama toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Launin da zai mamaye aiki takan saye shi gaba ɗaya a rana ɗaya, saboda lamba ɗaya ba ta hana rini biyu su ɗan saɓa.

Matar da ba ta fita kasuwa tana da ƙarin haraji, wato ribar dillaliya ko ladan ɗan aike. Inna da wasu maƙwabtanta sukan haɗa kuɗi, idan wani amintacce zai shiga Kano a ba shi ya saro musu a Kantin Kwari, su raba a tsakar gida.

Wanda ya san tarihin zare a ƙasar Hausa ba zai ga wannan tsimi a matsayin baƙon abu ba. Alharinin da ake yi wa manyan riguna ado da shi a ƙarni na 19, wanda Heinrich Barth ya tarar ana shigo da shi Kano da yawa ta hanyar Tarabulus a 1851, ragowar siliki ne na masana'antun Turai, aka rina shi ja aka ɗoro wa raƙuma. Abin da wasu suka share daga ƙasan masaƙa shi ya zama adon sarakuna. Tsamiya kuwa daga gidan wata tsutsar daji ake samunta, a dafa da toka, a kaɗa da mazari, kuma tsadarta ta sa ba a yin wasa da ko ɗan sili. Ashe tun can asali gwanintar maɗinki ta haɗa da sanin yadda zare kaɗan zai rufe fili mai yawa, ko da yake wannan ɓangare bai cika samun shiga cikin nazarin zane-zane ba. Hatta binciken Elisha Renne a kan mata masu ɗinki a birnin Zariya, wanda ya kai ga kafa ƙungiyar masu ɗinki ta Queen Amina a 1994, an fi tunawa da shi ta fuskar shigar mata sana'ar da a da ta maza ce, alhali tambayar wa yake sayen zare tana nan kwance a ƙarƙashin wannan sauyi.

Tambayar tana da nauyi, domin aiki iri biyu ne. Idan mai ɗinki ce ta sayi zare, duk abin da ta tattala nata ne. Idan kuwa mai aiki ne ya kawo, to zaren amana ne, kuma tattalinta shi yake amfana. A nan Inna tana da tsauri: ɗaurin da ba a kwance ba tana mayarwa, wanda aka taɓa tana nunawa ta tambaya, guntayen da ba su kai kamu ba ne kaɗai take ɗauka a matsayin abin da al'ada ta yafe. Waɗannan tana tara su a tsohon gwangwanin madara, kowane launi a naɗe a jikin ɗan kwali. Daga cikinsu take fitar da idon tsuntsu da tsakiyar fure, abubuwan da gicciye uku ko huɗu ke isar su, waɗanda da sai ta kwance sabon ɗauri saboda su.

Akwai abin da duk wannan lissafi ya bari a waje, kuma shi ne raunin tsarin. Kowace dabarar rage zare lokaci take ci: kallon zane, ninka sili, naɗe guntaye, gwajin ruwan zafi. Inna tana ƙirga zare har zuwa sili, amma ba ta taɓa sa wa sa'o'inta farashi ba, kuma masu saye, waɗanda suka saba da aikin keken ɗinki da ake gamawa a yini ɗaya, ba su da niyyar sa musu. Idonta ma ya fara gajiya, yanzu jikar ce take zura mata zare a allura idan la'asar ta yi sanyi. Yarinyar ta iya madauki, ta iya gwajin ashana, bayan ƙyallenta ya fara yin tsaf. Sai dai a kwanakin baya ta ɗauko littafin makaranta ta raba kuɗin rigar filo ɗaya da yawan kwanakin da aka yi ana ɗinka ta, ta karanta wa kakarta amsar. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ta miƙo mata gwangwanin, akwai ɗan kore da take nema.