Layin da ke ƙasan takarda

Ka taɓa karanta takardar hayar gidanku har ƙarshe? Yawancinmu idonmu a kan kuɗi yake tsayawa. Na shekara kaza, la'adar dillali kaza, sai sa hannu. Can ƙasa kuwa, dab da wurin shaidu, akwai wani ɗan gajeren layi: duk lokacin da mai gida ya buƙaci gidansa don ya zauna, ɗan haya zai tashi. Ba a sa masa rana ba, ba a sa masa wata ba.

A unguwarmu buƙatar nan kusan kullum iri ɗaya ce. Ɗan mai gida zai yi aure, nan za a kai amarya. Wani lokaci kuma gaskiyar a fili take. Mutum ya yi ritaya daga aiki a Kaduna ko Legas, ya dawo da iyalinsa, gidan da ya gina da gumin shekara talatin shi kaɗai gare shi. Ba mai ce masa ya kwana a waje. Amma na sha ganin an yi fenti, an canza ƙofa, bayan sati uku motar kaya ta tsaya. Ba amarya, ba guɗa. Sabon ɗan haya ne, da kuɗin da ya ninka na da.

Doka ta san da zancen. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta yarda mai gida ya nemi gidansa don amfanin kansa, amma ta hannun kotu. Mai biyan shekara-shekara notis ɗinsa wata 6 ne, mai biyan wata-wata nasa wata 1, sannan a ƙara masa takardar kwana 7 kafin a shigar da ƙara. A Abuja ma wa'adin haka yake. Sai dai wata shidan nan ana samunsa ne idan yarjejeniyar ba ta ambaci wani wa'adi ba. In ka sa hannu a kan wata ɗaya, wata ɗayan ne naka. Abin da ke damuna ke nan, domin an fi sa hannun a tsaye, a shagon dillali, ga wani a bayanka riƙe da kuɗinsa yana jira ka fasa.

Layin nan ba ya tsayawa a takarda, biyo mutum yake yi har tsakar gida. Maƙwabcina shekararsa shida a gida ɗaya, bai taɓa makara da kuɗin haya ba. Ko zogale bai dasa ba. Tankin ruwansa a kan bulo huɗu yake, ba siminti. Yaransa ya sa su makarantar bakin titi, wadda ake iya zuwa daga kowace unguwa. Matarsa kuma har yau ba ta zubar da kwalayen da suka tare da su ba. Suna saman sif, a ninke, an ɗaure su da igiya.