Motar Baba da Karkarwa a Hanyar Ibadan

Duk wanda ya tashi a unguwar Sabo ta Shagamu ya san motar mai sana'ar goro ba ta ado ba ce, jakin gida ce. Tamu tsohuwar tokumbo ce mai jan gaba, kuma tun da na gama sakandare Baba ya damƙa min makullinta. Ni ke kai huhunan goro Ibadan, wani lokaci Agege.

A daminar 2023, bayan an cire tallafin mai, lokacin da kowace tafiya sai Baba ya yi lissafinta da biro, motar ta ɓullo da wani hali. A cikin gari lafiya lau take. Amma da na hau babbar hanya, allura ta kai 80, na taka totur zan wuce tirela, sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Kujera na rawa, ƙasan mota na rawa, har madubi ba ya nuna komai.

Na faɗa wa Baba, ya ce, "Kai dai ka faye gudu. Shekara nawa ina tuƙa ta ba ta yi min haka ba?" Gaskiyarsa ce ta wani gefen, don Baba bai cika wuce 60 ba.

Kowa a layinmu ya zama bakanike. Wannan ya ce balansin taya, muka yi. Wancan ya ce alaimin, muka yi. Mai faci ya ce tayoyin gaba sun yi ƙulu, Baba ya sayi biyu yana tsaki. An canza fulogi ma. Ribar tafiya uku ta tafi, karkarwa na nan inda take, Baba kuma ya fara maganar ɗauko direba.

Wani dattijon bakanike Bayarabe da Baba ya sani tun kafin a haife ni shi ya warware mana. Bai ko buɗe bonet ba. Cewa ya yi, "Yarona, shiga ka ja, ni zan zauna a gefe." Baba ya shiga baya.

Mun kusa Ogere motar ta fara abin nata. Ya ce in ɗage ƙafa. Na ɗage, sai ta yi tsit, alhali gudun bai ragu ba. Ya ce in sake takawa, ta dawo. Sau uku muka yi haka. Sannan ya sa na taɓa birki a hankali, sitiyari bai motsa ba.

A nan ya yi mana karatu, Yarbanci da Hausa a gauraye. Ya ce taya ba ta san ko ƙafarka na kan totur ko ba ta kai ba, gudu kawai ta sani. In ita ce, karkarwar na bin allura, kuma a sitiyari aka fi jinta. Faifan birki in ya lanƙwashe, sai ka taka birki yake magana. Fulogi kuwa muryar inji ce ke canzawa, ko a ƙaramin gudu in an zo hawa. Amma rawar da ke zuwa da totur ta tafi da totur, a nemi abin da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. A mota mai jan baya furofela ake fara dubawa, a irin tamu kuwa shaf, sai kuma robobin da inji ke zaune a kai.

Shaf kai biyu gare shi. Na waje, na jikin taya, shi ne kowa ya sani, don in ya lalace yana ƙas-ƙas wajen kwana. Na ciki, na jikin giya, bai cika yin kuka ba, shi ya sa ake mantawa da shi. Aikinsa ya bar shaf ya riƙa shiga da fita in mota na hawa da sauka a gargada. Roba ce ke rufe shi da giris a ciki. In ta yage, giris ya fita, ruwa da yashi su shiga su ci ƙarfen. Daga nan duk sanda inji ya matsa masa, sai ya riƙa juyawa a karkace.

Da muka koma gareji aka ɗaga motar, ya haska fitila gefen dama. Robar ta tsage, baƙin giris ya fantsama ko'ina, ya bushe da ƙura. Ya kama shaf ɗin ya jijjiga, muna jin shi yana loko-loko.

Gabana ya faɗi. Ni na ga giris ɗin nan tun wajen wata biyu baya, ranar da nake wanke mota, kwana kaɗan bayan na faɗa wani rami cike da ruwa da kaya a baya. Na sa tsumma na goge wanda ido ke gani, na yi shiru don kar a ce gudu ne. Dattijon ya ce da a lokacin aka zo, roba da giris kawai za a saya.

A hanyar gida na faɗa wa Baba. Bai ce komai ba har muka yi sallar la'asar. Washegari ya ba ni kuɗin shaf, ya ce in je Ladipo da kaina in zaɓo, kuma kuɗin tayoyin nan biyu za a riƙa cirewa daga abin da yake ba ni duk Juma'a. Makullin dai ya bar min shi.