Iyaye a Makarantar Mishan

Galibinmu iyaye, in mun kai yaro makaranta, muka ga an rubuta sunansa cikin rajista, muka biya abin da aka ce mu biya, sai mu koma gida muna ganin mun sauke nauyi. Ba mu sake taka ƙofar makarantar sai ran da aka aiko mana yaro ya yi laifi, ko kuwa aka koro shi don kuɗi. Manomi kuwa ba haka ya ke yi da gonarsa ba. In ya yi shuka ya kan koma ya duba tsiro, ya yi firi, ya yi maimai, ba ya ɗauke ido sai ya ga hatsi cikin rumbu. Ashe kuwa ɗa ya fi gona.

Ni akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, watau abin da iyayenmu su ke kira En'e kafin a sake tsarin a 1976. Na yi makarantar allo har na sauke, na kuma gama firamare, iyakar karatuna ke nan. 'Yata tana wata makarantar firamare ta 'yan Katolika da ke bakin Sabon Garinmu. Da iyayen yara suka ji aikina rubutu ne, sai suka naɗa ni magatakardan Ƙungiyar Iyaye da Malamai, yau shekara huɗu ke nan littafin ƙungiyar yana hannuna. Abin da zan faɗa a nan, abin da idona ya gani ne, hannuna kuma ya rubuta.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin asalin irin waɗannan makarantu. Limaman Katolika, waɗanda a ke kira Fada, sun sauka Lakwaja a 1884, suka kafa mazauni a Shendam a 1907. Gwamnatin Turawa ba ta sakar musu mara su yi aiki cikin biranen sarakunan Musulmi ba, shi ya sa makarantunsu suka fi yawa a Sabon Gari da ƙasashen da ba na Musulmi ba. A 1948 waɗansu mata masu hidimar addini, waɗanda a ke kira Sista, na ƙungiyar St. Louis, suka zo Kano daga ƙasar Ailan, suka shiga aikin koyarwa. Bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun Mishan da yawa, har aka sake wa waɗansu suna. A Kaduna, kwalejin St. John ta koma Kwalejin Rimi, ta 'yan mata da ke Kakuri kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Daga baya waɗansu jihohi suka mayar da makarantu ga masu su, kamar yadda Anambra ta yi a 2011, coci kuma ya yi ta buɗe sababbi da kuɗinsa. Tamu tana cikin sababbin nan. Ba ta da baitulmali a bayanta, albashin malamai da alli da benci duk daga kuɗin makaranta su ke fitowa, da ɗan abin da coci ya taimaka.

Dalilin da ya sa na kai yarinyar can ba mai nisa ba ne. Makarantar tana kusa da gida, malamai suna zuwa da wuri, yara kuma ba su yi wa aji yawa ba. Amma da wana ya ji, sai ya kira ni zaure ya ce, "Kai yanzu duk makarantun garin nan ba ka ga inda za ka kai yarinyar nan ba sai Mishan?" Na ce, "Yaya, Allah ya huci zuciyarka. Karatun boko za ta yi da safe, da la'asar kuwa tana makarantar allo kamar yadda aka yi mana." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, na ji. Amma in ka kai ta, kada ka bar ta can ita kaɗai. Ka riƙa leƙawa, ka san abin da a ke zuba mata a kunne." Maganar nan tasa ita ce ta fara kai ni taron iyaye.

Sau ɗaya a ke taron kowane zangon karatu, watau sau uku a shekara, kuma ran Asabar da hantsi, don Jumma'a ranarmu ce, Lahadi kuwa tasu. A kan zauna cikin aji bisa bencin yara, sai ka ga ƙaton mutum ya takure, gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Ga bakanike, ga ɗan sanda, ga malamar asibiti, ga mai awon hatsi, ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe da mutanen Kudancin Kaduna. Kirista ya kan buɗe da addu'a, Musulmi ya rufe. Da fari da Turanci kaɗai a ke magana, waɗanda ba su ji kuwa su yi tagumi har a tashi. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, wadda ta ke riƙon jikokinta biyu, ita ce ta miƙe ta ce, "'Ya'yana, ni dai kuɗina Hausa su ke ji, to, a gaya mini inda za su da Hausa." Aka yi dariya, amma tun daga ran nan ba a sake taro ba tafinta ba.

Magana mafi nauyi da ta taɓa zuwa gabanmu ita ce ta addini. A makarantar Katolika kowace safiya yara su kan yi layi a yi addu'a kafin a shiga aji. Wani ɗan aji ɗaya, ɗan maƙwabcina, ya ga abokansa suna yin alamar gicciye a goshi da ƙirji, ya koma gida ya yi ta gaban ubansa lokacin da aka ajiye tuwo. Uban ya zo gidana da dare ransa a ɓace, ya ce gobe zai cire yaron, kuma zai gaya wa kowa a unguwa. Na roƙe shi ya dakata ya kawo maganar taro, tun da ya ke saura kwana kaɗan.

Ran taro ya miƙe ya faɗi abin da ya faru, muryarsa na rawa. Ajin ya yi tsit. Aka ba ni dama, na karanta musu abin da Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanada a sashe na 38. Ma'anarsa ita ce, ba a tilasta wa ɗan makaranta ya ɗauki darasin wani addini, ko ya shiga ibadarsa, in ba nasa ba ne ko iyayensa ba su yarda ba. Sashen nan kuma har wa yau ya ba kowace jama'a ikon koya wa 'ya'yanta addininta cikin makarantar da ita kaɗai ta ke ɗauke da ita. Saboda haka na ce ba mu zo mu hana masu gida addu'a cikin gidansu ba, mun zo ne a ba namu 'ya'yan wurin tsayawa.

Sista, shugabar makarantar, ta ce ba a umurci yaron ya yi haka ba, kwaikwayo ne irin na yara, amma uban yana da gaskiya da ya damu. Ta ce ko a wajen cocinsu, babban taron bishop-bishop da aka yi a birnin Rum daga 1962 zuwa 1965 ya tabbatar da cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu, makaranta mai taya su ce. Wani dattijo Kirista, kafinta, ya ce shi ma da ɗansa ne ya komo daga wata makaranta yana abin da ba na gidansu ba, ba zai yi barci ba. Nan take aka shirya cewa lokacin addu'ar safe da darasin addini, yaran Musulmi za su koma wani aji tare da wani malami Musulmi da ke koyar da lissafi, ran Jumma'a kuma a tashi kafin lokacin masallaci. Na rubuta, aka sa hannu. Maƙwabcina bai cire ɗansa ba. Da ya cire shi cikin fushi, da yaro ya yi hasarar shekara, sauran yaran kuma suna nan yadda su ke, unguwa ta cika da maganar da ba wanda ya bincika.

Sai maganar kuɗi. Wata shekara aka aiko da takarda an ƙara kuɗin makaranta, iyaye suka zo taro da zafi. Muka ce mun yarda kaya sun yi tsada, amma a nuna mana lissafi. Aka kira mai riƙon kuɗin makaranta, ya rubuta a babban allo abin da ya shigo da abin da ya fita, layi layi, yadda mu ke yi a ofis. Da muka ga albashin malamin da ya ke tsaye kan 'ya'yanmu tun safe, sai kowa ya yi sanyi. Duk da haka muka sami wurare biyu da za a rage, aka kuma yarda wanda ba ya iya biya gaba ɗaya ya biya kashi biyu. A ran nan ne aka kafa asusun marayu, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, don kada yaro ya bar karatu saboda ubansa ya rasu tsakiyar shekara. Mutum uku su ke riƙe da makullinsa, ba kuwa a faɗin sunan wanda aka biya wa.

Da iskar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu, ba mu jira kowa ba, gayya muka kira. Kafintan nan ya hau sama da yaransa bai karɓi ko kwabo ba, mai sayar da katako ya ba da bashi, mai mota ya kwaso yashi, mata suka dafa abinci, mu da ba mu da sana'ar hannu muka yi ta miƙa kwano da ƙusa. Fada da kansa ya tuɓe farar rigarsa yana jan baro. Cikin mako guda yara suka koma aji.

Ba kullum aiki ba ne, akwai kuma ranakun nishaɗi. Akwai wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, inda a ke raba yara gida gida, kowane gida da launin rigarsa, har a sa iyaye su ma su yi tsere, a ga mai tumbi yana haki yara suna sowa. Akwai ranar ba da kyauta a ƙarshen shekara. Da kaka kuma 'yan coci su kan yi bikin godiya, su kawo doya da hatsi da kaji a yi gwanjo. Mu ba mu shiga ibadar, amma mu kan je kasuwar mu yi ciniki, tun da wani kashi na kuɗin makaranta ya ke zuwa. Da Sallah mu kan aika wa malamai nama, da Kirsimati su aiko da shinkafa. In an yi rasuwa gidan wani, ƙungiya ta kan tashi mutane su je gaisuwa.

Mai karatu zai iya cewa duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Amfaninsu ya bayyana gare ni wata rana da jita-jita ta tashi cewa ana rigima a kasuwa. Gari ya ruɗe, aka rufe shaguna, hanya ta toshe, ni kuwa ina ofis can ƙetaren gari. Sista ta kulle ƙofa, ta ce ba yaron da zai fita sai a hannun wanda ta sani. Iyayen da ke kusa suka zo, kowa ya kwashi nasa da na waɗanda ya sani a taro. Wata 'yar kabilar Ibo mai shagon atamfa, wadda mu ke zama benci ɗaya da ita, ta tafi da 'yata gidanta, ta ba ta abinci, ta shimfiɗa mata sabon zane ta yi salla, ta buga mini waya ta ce, "Baban yarinya, kwantar da hankalinka, tana wurina." Maƙwabcina kuwa, wanda ya so cire ɗansa, shi ya raka yaran Kirista uku har ƙofar gidajensu. Da magariba aka gane maganar ba ta kai yadda aka baza ta ba. Amma da ba mu san juna tun gari yana lafiya ba, wa zai ba wani amanar ɗansa ran da gari ya ruɗe?

Ban ce ƙungiyarmu ba ta da aibu ba. Har yanzu waɗanda ba su zuwa sun fi masu zuwa yawa. Waɗansu maza suna ganin taron yara aikin mata ne, waɗansu kuma ba su zuwa, ba su kuma barin matansu su zo. Mai kuɗi ya kan so maganarsa ta fi ta kowa. Akwai kuma uban da ya ke zuwa don ya ci mutuncin malami gaban jama'a, alhali kuwa koyarwa sana'a ce, mai ita ya fi mu saninta. Namu shi ne mu tambaya, mu taimaka, mu tsaya kan abin da ya shafi addini da tarbiyya da lafiyar 'ya'yanmu.

To, 'yan'uwa da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi aiki tun yau. Takardar da yaro ya kawo daga makaranta, kada a ƙunshe gyaɗa da ita, a karanta. Takardar sakamakon jarrabawa, a duba inda ya yi rauni, a je a tambayi malaminsa dalili. In an kira taro a je, a rubuta suna da hannu cikin rajista, a nemi a karanta abin da aka shirya wancan karo, a ga ko an cika. Wanda bai ji Turanci ba ya nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. Ko makarantar ta Mishan ce, ko ta Gwamnati, ko Islamiyya, hanyar ɗaya ce. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.