Ƙwan Zabin Inna



Mu uku muka taso a ɗakin Inna a Ƙafin Maiyaki, kuma kuɗin littattafanmu na makaranta daga tukunyar ƙwai yake fitowa. Da damina ta kankama zabi suka fara saka, wata Bafulatana kan kawo wa Inna ƙwai bashi, sai an sayar a biya ta. Inna ta dafa, mu kuma mu ɗauki tire zuwa bakin titi, inda motocin Tudun Wada da Doguwa ke tsayawa.

Inna ba ta da agogo. Takan fara zuba ƙwan a ruwan sanyi. Wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso sama ta ware shi, ta ce baragurbi ne. Sannan ta ɗora tukunya, ta jawo turmi ta hau dakan yaji. Da yaji ya yi laushi sai ta sauke, ta juye ƙwan a ruwan randa. Kullum muna kallo, har muka ɗauka mun iya.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ga ƙwai arba'in na bashi a ƙwarya. Muka ce mu za mu dafa. Muka ɗora rabi, muka daka yaji, muka sauke. A bakin titi wani direba ya ɓare ɗaya, gwaiduwa ta tsiyayo masa a gaban riga. Bai zage mu ba, cewa kawai ya yi, "Yara, ku koma gida." Da kunya muka dawo.

Washegari tsoro ya sa muka bar sauran a wuta har ruwa ya kusa ƙafewa. Farin ya yi tauri kamar roba, gefen gwaiduwa ya yi kore-kore, ga wari. Da kyar muka sayar da biyar.

Da dare muka faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaushe kuka fara daka?"

Muka ce, "Da muka ɗora tukunya, Inna."

Ta ce, "Ni sai ruwa ya tafasa nake ɗaukar taɓarya. Itacen damina jiƙaƙƙe ne, shi ba ya sauri."

Akuyarta ta sayar ta biya Bafulatanar.

Sai da muka girma muka san lissafin da hannunta ya haddace. Daga tafasa ake ƙirga: minti 6 zuwa 7 gwaiduwa na nan ruwa-ruwa, minti 10 zuwa 12 ta daskare sarai. In aka zarce, sinadaran farin da na gwaiduwa ne ke haɗuwa su ba da koren nan da warin. Ruwan sanyi kuwa shi ke tsayar da dahuwa, ya sauƙaƙa ɓarewa.

Yau muna da gas da agogon waya, amma duk sanda muka ɗora ƙwai sai mun tuna akuyar nan. Shekaru muna zaune kusa da murhu, idonmu na kan turmi, nata na kan ruwa, ba mu taɓa tambaya ba.

Ku da kuke karanta manyan marubuta kuna son ku yi kamar su, in kun samu zama da wanda ya iya, ku tambaye shi yaushe yake ɗaukar taɓarya.