Ɗamarar da Ba Ta Kai Hantsi

Tun muna makarantar allo muke tare da shi. Da muka girma muka haɗa jari, muna sauke yadi daga Guangzhou muna sayarwa a Kantin Kwari. Ni ke tafiya Sin, shi ke tsare shago. Ba mu taɓa rubuta ko layi ɗaya ba game da rabon riba ko ɗaukar asara. A ganinmu, ɗauko takarda da biro tsakanin aminai alama ce ta rashin yarda.

Wata shekara kwantenarmu ta iso da kaya rabi a jiƙe. Ya ce ni na zaɓi kamfanin jigila mai araha ba tare da shawararsa ba, don haka asarar tawa ce. Na ce tunda riba tamu ce, asara ma tamu ce. Kowa da hujjarsa, babu shaida sai Allah.

Ina cikin wannan ɓacin rai na koma Guangzhou. A unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka ke yawan sauka, akwai wani dattijo da muke sayen kaya a wurin ɗansa. Ya ga fuskata ba daidai ba, ya sa tafinta ya tambaye ni. Na zazzage masa komai, na ƙare da cewa da na koma gida kotu zan nufa. Bai ce uffan ba. Ya juya bayan wata rasit, ya ja layuka shida, wani bisa wani. Uku na sama a haɗe suke. Na ƙasa kuwa, na tsakiya ne kaɗai a haɗe, sauran biyun a tsinke.

Nan da nan na ce masa addinina ya hana ni duba. Ya ce shi ma ba duba zai yi mini ba, ba zai jefa kwabo ko ƙirga kara ba, karatu kawai zai ba ni. Littafin da zanen ya fito daga cikinsa sunansa Yijing, wato Littafin Sauye-sauye. Asalinsa tun zamanin daular Zhou ta Yamma, wadda ta yi mulki daga 1046 zuwa 771 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Alamomi 64 ne a cikinsa. Mutanen da suna duba da shi ta hanyar rarraba karan wata ciyawa guda 50, daga baya aka sauƙaƙa zuwa kwabbai uku, amma malaman da ke bin tafarkin Confucius sun mayar da shi littafin tarbiyya, suka jingina masa sharhi goma.

Alamar da ya zana ita ce ta shida, Song, ma'anarta ƙara ko husuma. Layukan sama suna nufin sararin sama, na ƙasa suna nufin ruwa. Sama tana yin sama, ruwa yana gangarawa, kullum ƙara nisa suke yi. Ya ce haka mutum biyu suke zama idan kowa ya kafe. Sai ya ɗora yatsa a kan layin ƙasa, domin daga ƙasa ake karantawa. A nan rigima jaririya ce, wanda ya sake ta zai sha 'yan maganganu, amma ƙarshensa lafiya. A layi na biyu, mutum ya gane ba zai kai labari ba, ya koma gida, mutanen garinsa suka tsira daga masifa. A na biyar ne ake kai magana gaban adali da kowa ya yarda da shi. Da yatsansa ya kai layin ƙarshe sai ya dube ni. Ya ce wannan shi ne wanda ya bi rigima har ƙarshenta, aka ba shi ɗamarar girma, amma kafin safiya ta wuce an kwance masa ita sau uku. Ya ƙara da cewa alama ta bakwai, wadda ke biye da wannan, sunanta Runduna.

Na gode masa, na ninke rasit ɗin na sa a aljihu, na kuma yi abin da na ga dama.

Da na dawo gida, dattawan layinmu na kasuwa suka zauna da mu. Shugabansu ya ce, "Alhaji, ku raba asarar biyu, ku rufa wa juna asiri." Abokina ya sunkuyar da kai ya ce ya amince. Ni na ce, "Baba, a bar ni in nemi haƙƙina." Wannan shi ne kuskurena, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. An kawo mini sulhu har gabana, daga bakin mutanen da na yarda da adalcinsu, na sa ƙafa na shure. Ba kuɗin nake nema ba. So nake a faɗa a bainar jama'a cewa ni ne mai gaskiya.

An faɗa ɗin a kotu, bayan kusan shekara biyu ana ɗage zama. Kafin nan, ragowar yadin da aka kulle a sito ya wuce yayi, muka sayar da shi a ƙasa da kuɗinsa. Abin da aka yanke a biya ni, kusan duk ya tafi ga lauya da zirga-zirga. Matanmu da ke zuwa sunan juna suka daina gaisawa. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu, matar da ta sha zuba mini tuwo muna yara, na tsaya a sahun baya na sallar jana'iza, na kasa ƙarasawa in riƙe hannunsa. A daren na lalubo rasit ɗin nan a cikin tsohuwar jaka, na zauna ina kallon layin sama.

Da na nemi littafin na karanta, na tarar da abin da ya fi sosa mini rai. Sharhin wannan alama yana cewa mai hankali tun daga farkon harka yake tsara ta da kyau. Sai na tuna ayar bashi a ƙarshen Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, mai umarni da rubutawa da kafa shaidu. Na haddace ta tun ina yaro, tare da wannan abokin nawa, a gaban malami ɗaya. Mu biyu muka bar ta a kan allo.

Da na sani ƙeya ce. Na je gidansa bayan sadakar bakwai, na ce, "Ka yafe mini, ni na ja wannan." Ya ce ya yafe, kuma na yarda da shi. Muna gaisawa yanzu, amma kowa da shagonsa.

Ƙanena ya haɗa jari da wani amininsa a bara. Na zaunar da su a zaurena da takarda da shaidu biyu. Aminin ya ce, "Yaya, ai mu ba ma haka da shi." Na ce na sani, na miƙa masa biro, na ce su fara da rubuta wanda zai ɗauki asara idan kaya suka jiƙe.